DALLA-DALLA: Jitar 'sake-ƙira', abin da ake sayarwa da sunan 1959 da abin da mai saye zai duba

Ranar 31 ga Janairun 2024, kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da jitoci da amfilifayoyi sama da 120 na mawaƙin Birtaniya Mark Knopfler, tsohon jagoran ƙungiyar Dire Straits. Biyu daga cikinsu sun isa a tsaya a kansu. Ta farko Gibson Les Paul ce ƙirar 1959, an saye ta kan fam 693,000. Ta biyun ma Les Paul ce, amma a 1983 aka ƙera ta bisa kwaikwayon ta 1959, kuma duk da haka sai da ta kai fam 592,200.

Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai iya ɗauka cewa jitar kwaikwayo ma jari ce. Ba haka abin yake ba. Kuɗin da aka zuba a kan ta 1983 kuɗin sunan Knopfler ne da na waƙar "Money for Nothing" da ya kaɗa da ita. Takwarorinta da suka fito daga masana'anta ɗaya a shekara ɗaya ba sa kusantar wannan farashi ko da wasa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar kasuwar baki ɗaya: jitar da aka sake ƙerawa tana ɗauke da awo da siffar tsohuwa, amma ba ta ɗauke da shekarunta, ba ta kuma ɗauke da ƙarancinta.

A kasuwar duniya kalmar da mai saye zai gani rubuce ita ce reissue. A nan za mu kira ta sake-ƙira: sabuwar jita mai amfani da lantarki wadda kamfanin da ya mallaki sunan ya ƙera a yau, yana bin awo da kayan aiki da launin wata shekara ta baya. Ta bambanta da tsohuwa ta asali, ta bambanta da kwafin da wani kamfani ya yi da nasa sunan, ta kuma bambanta da jabu, wadda ke ɗauke da sunan da ba nata ba.

Shekarun da ake kwaikwayo

Kusan duk abin da ake sake ƙerawa ya fito ne daga garuruwa biyu na Amurka a cikin shekaru goma sha biyar. A Fullerton da ke jihar Kalifoniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fitar da jitar da ta zama Telecaster a 1950, sannan Stratocaster a 1954. Tunaninsa tunanin bakanike ne: gangar jiki daban, wuya daban, a haɗa su da sukuru huɗu, in wuya ya lalace a kwance a sa wani. Farashin Stratocaster na farko dala 249.50 ne.

A Kalamazoo da ke jihar Mishigan kuwa, Gibson ya fitar da Les Paul a 1952, da gangar jikin mahogani, ɗan uwan maɗacin da muka sani, da murfin icen mapul a sama, da wuyan da aka manna da gam. A 1957 aka sa mata sabon fikof, wato maganaɗisun nan da aka nannaɗe da siririyar waya, wanda ke kama motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. Injiniya Seth Lover ne ya ƙirƙiro shi, kuma nannaɗi biyun da ke cikinsa suna kashe gurnanin da fikof mai nannaɗi ɗaya ke kwasowa. Har yau ana kiran na farkon PAF, saboda 'yar takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsu mai nuna an nemi rajistar mallakar fasahar.

Daga 1958 zuwa 1960 aka yi wa Les Paul Standard fenti mai ja a gefe da rawaya a tsakiya. Ba ta yi kasuwa ba. Kimanin 1,700 kawai aka ƙera, aka daina, aka maye gurbinta a 1961 da siffar da daga baya aka sa wa suna SG. Sai a tsakiyar shekarun 1960 matasan makaɗa irin su Keith Richards da Eric Clapton da Mike Bloomfield suka tsinto ta a shagunan kayan hannu, suka gano abin da take yi idan aka ƙure amfilifaya. Faifan da Clapton ya yi da John Mayall a 1966 ya sa kowa ya shiga neman jitar da kamfaninta ya riga ya yi watsi da ita.

Yadda kamfanoni suka zubar da amanar masu saye

Da ingancin sababbi bai faɗi ba, da kasuwar tsofaffi ba ta yi ƙarfi haka ba. A Janairun 1965 kamfanin yaɗa labarai na CBS ya sayi Fender kan dala miliyan 13. A 1969 Gibson ya faɗa hannun rukunin da ya zama Norlin. Sababbin masu mallakar sun fi damuwa da yawan kaya da rage kuɗin ƙira. A Fender aka ƙara girman kan jita, aka koma fenti mai kauri, a 1971 aka rage sukurun wuyan Stratocaster zuwa uku. A Gibson aka fara haɗa gangar jiki daga falle-falle, jitoci suka yi nauyi. Ba duk na wannan zamani ne marasa kyau ba, amma makaɗa sun yanke hukuncinsu, har "kafin CBS" ta zama kalmar yabo a bakin dillalai.

Gibson ya dawo da Les Paul a 1968, sai dai ba wadda ake nema ya dawo da ita ba. Mai ruwan zinare ya fitar, da tsohon fikof mai nannaɗi ɗaya. Waɗanda suka fara sauraron makaɗa da gaske Japanawa ne. Kamfanoni irin su Tokai da Greco da Ibanez suka riƙa auna tsofaffin jitocin Amurka suna kwafar su da kulawar da masu sunan suka daina yi. A 1977 Norlin ya kai ƙarar mai rarraba Ibanez a Amurka kan siffar kan jita, aka sasanta a wajen kotu. Ƙarar ba ta hana komai ba, domin kwafin ya riga ya kama kasuwa.

Martanin Fender ya zo a 1982. Ya fitar da jerin sake-ƙira na farko: Telecaster ta 1952, Stratocaster ta 1957 da ta 1962, da wasu jitocin bas. Abin dariya, kamfanin sai da ya je wurin dillalai ya sayo tsofaffin jitocinsa domin ya auna su. A shekarar dai ya kafa Fender Japan, ya ba masana'antar Fujigen, wadda ke ƙera Greco, aikin yin nasa. Jitocin farko na wannan yarjejeniya, masu lambar ƙira da ke farawa da JV, su ma yanzu nemansu ake yi. A 1985 wasu ma'aikata ƙarƙashin Bill Schultz suka saye Fender daga CBS, ba tare da masana'antar Fullerton ba, suka buɗe sabuwa a Corona. Gibson ya rufe Kalamazoo a 1984, ya sauya hannu a 1986, sannan a 1993 ya kafa jerin Historic, wanda shi ne tushen sake-ƙirarsa ta yau.

Saboda haka sake-ƙira, tun asalinta, amsa laifi ce: kamfani ne ke cewa abin da ya yi jiya ya fi wanda yake yi yau. Daga baya ta zama sashe mafi tsada a kasuwancinsu.

Matakan kasuwa

Shekara ɗaya ake rubutawa, amma farashi hawa-hawa ne. A Fender, matakin ƙasa shi ne Squier Classic Vibe, wanda ake ƙerawa a Asiya. Yana ɗaukar kamannin zamanin ba tare da bin kowane awo ba. Sama da shi akwai Vintera daga masana'antar Ensenada ta Meziko, sai na Japan, sai American Vintage II da aka ƙaddamar a 2022, wanda kowace jita a cikinsa ke bin shekara guda takamaimai. Ƙololuwa ita ce Custom Shop, sashen aikin hannu da aka buɗe a 1987. A Gibson, Epiphone ne a ƙasa, sai Les Paul Standard ta Amurka mai laƙabin shekarun 50 ko 60, sai Custom Shop, inda masu saye ke taƙaita sunaye zuwa R7 da R8 da R9 da R0, wato 1957 zuwa 1960.

Ƙa'ida mai sauƙi: idan sunan jita ya ambaci shekaru goma a dunƙule, kamanni ake sayarwa, idan ya ambaci shekara guda, awo ake sayarwa. Tsakanin matakin ƙasa da na sama farashi na iya ninkawa sau goma ko fiye, kuma babu mai gaskiyar da zai ce sauti ma ya ninka haka. Yawancin ƙarin yana tafiya ne a albashin ma'aikatan Amurka, da zaɓen ice, da sa'o'in aikin hannu, da sunan da ke kan jitar.

Bin asali yana da tsada a hannu

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Suna ɗauka "kamar ta 1957" na nufin "mafi kyau", alhali ma'anarta a dawo da komai, har da abubuwan da aka gyara daga baya saboda sun dami makaɗa.

Allon yatsun tsohuwar Fender yana da lanƙwasa sosai, awon inci 7.25, na zamani kuwa ya fi shimfiɗa, inci 9.5. Mai lanƙwasa yana da daɗin dafe tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, amma idan makaɗi ya tura tsirkiya sama don ya ja sauti, takan shaƙe sai an ɗaga ta daga allon. Ƙarafan da ke gicciye a allon ma ƙanana ne sirara. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake juyawa don miƙar da shi, a tsohuwar ƙira bakinta yana gindin wuya ne, don haka sau da yawa sai an sassauta wuyan kafin a kai gare ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune inda ice ke motsi tsakanin damina da hunturu. Makunnin zaɓen fikof na Stratocaster matsayi uku gare shi har zuwa 1977, lokacin da aka mayar da shi biyar. Wasu sake-ƙira kan zo da mai ukun.

A ɓangaren Gibson, kaurin wuya ne babban bambanci. Na 1958 kakkaura ne, cika hannu. Na 1959 matsakaici. Na 1960 siriri. Bambancin kuɗi tsakanin R8 da R9 yana da yawa, kuma mafi yawansa kuɗin zanen da ke jikin icen mapul ne, abin kallo, ba abin ji ba. Launukan da ake sayarwa da sunan lemo ko shayi ko zuma kuwa kwaikwayo ne na lahani: jan rinin da Gibson ya yi amfani da shi a lokacin ba ya jure rana, sai kowace jita ta koɗe ta nata hanyar.

Fikof ma haka. Injinan nannaɗi na shekarun 1950 ba su da tsayayyen ƙidaya, don haka PAF biyu na asali kan sha bamban. Duk kamfanin da ya ce ya kwafi sautin 1959, sautin wasu 'yan jitoci da ya samu ya auna ya kwafa.

Sai fenti. Tsofaffin an shafa musu naitiro, siririn fenti mai tsagewa da gogewa. Na zamani an fi yi musu mai tauri irin na roba. Ana ta muhawara kan ko naitiro na sauya sauti. A ganin marubucin nan, a jitar lantarki tasirin fikof da amfilifaya da yatsun makaɗi ya rinjaye shi nesa ba kusa ba. Abin da babu gardama a kai shi ne naitiro yana tsufa da kyan gani, kuma yana narkewa idan ya daɗe yana taɓa wasu nau'o'in roba, har da na marataya masu araha.

Tsufan ƙarya

A 1995 Fender ya gabatar da jerin Relic: sabuwar jita da aka kankare, aka tsattsaga fentinta, aka sa ƙarafanta tsatsa da gangan. Gibson ya buɗe nasa sashen, Murphy Lab, a 2021, ƙarƙashin Tom Murphy wanda ya daɗe da shahara a wannan sana'a. Yawan lalatawa, yawan kuɗi. Masu so suna cewa wuyan da aka goge ya fi santsi a hannu, kuma makaɗi ba ya fargabar ƙarzanewar farko. Hujjar tana da ƙarfinta. Amma ga mai sayen ta hannu akwai haɗari: tsufan da aka biya kuɗi aka yi yana iya ɓoye tsufan gaske, kamar tsagewar wuya ko gyaran da aka rufe.

Ice da doka

Akwai abin da sake-ƙira ba za ta iya maimaitawa cikin sauƙi ba. Allon yatsun da yawa daga cikin jitocin 1950 da farkon 1960 na icen rozwud na Brazil ne, wanda yarjejeniyar CITES ta sa a jerin mafi tsananin kariya tun 1992. A Janairun 2017 aka faɗaɗa takunkumi ga dukan dangin icen, har Fender ya koma wani ice mai suna pau ferro a jitocin Meziko. A Nuwamban 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka gama ƙerawa, ban da na Brazil. Jitar da ke ɗauke da shi tana buƙatar takardu kafin ta ƙetare iyaka. Taron da ya yanke hukuncin 2017 shi ne kuma ya sa madobiya a jerin kariya, bayan sarar da aka yi mata a Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya, ko da yake ita kayan ɗaki ake yi da ita a China, ba jita ba.

Gibson kansa ya ɗanɗana. Jami'an Amurka sun kai samame masana'antunsa a 2009 da 2011, kuma a 2012 ya amince ya biya tarar dala 300,000 kan icen eboni da aka shigo da shi daga Madagaska. Wani ice da ya haɗa wannan tarihi da yankinmu shi ne korina, wanda aka yi Flying V da Explorer na 1958 da shi. Sunan kasuwa ne na limba, icen dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da Yarbawa ke kira afara. Flying V ɗin da aka fitar a 1958 da 1959 ba su kai ɗari ba, shi ya sa kusan duk wadda mutum zai gani a rayuwarsa sake-ƙira ce.

Jabu

A 2009 hukumar alamun kasuwanci ta Amurka ta ƙi ba Fender mallakar siffar gangar jikin Stratocaster da Telecaster, bisa hujjar cewa sun zama gama-gari. Don haka jita mai irin wannan siffa da sunan wani kamfani a kanta halas ce a can, kuma da yawa suna da inganci. Jabu ita ce mai satar suna. A Nuwamban 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da sun haura dala miliyan 18. Idan haka ta faru a ƙasar da kamfanin yake, mai saye a Legas ko Kano ko Yamai ya san matsayinsa.

Wasu alamu suna taimakawa. Murfin sandar wuya da ke kan Gibson ta gaske sukuru biyu gare shi, jabu kan zo da uku. Ginshiƙan gadar da tsirkiyoyi ke hawa a jabu sukan zama masu kauri da tsagar sukurudireba a sama. Sake-ƙirar 1959 ta Custom Shop tana da lambar da aka buga da tawada a bayan kai, babu hatimin Made in USA, domin sai a 1970 Gibson ya fara buga shi. Jabu kan haɗa alamun zamani biyu a jita ɗaya. A Fender, kwanan wata kan kasance a gindin wuya, kuma maɓallan ƙara suna da lambobin da ke nuna kamfani da shekara da mako. Lambar ƙira kaɗai ba hujja ba ce, domin kwafarta ake yi daga hotunan intanet. Takardar shaidar Custom Shop ma ana bugawa. A nemi hotunan cikin ramin wayoyi da ƙarƙashin fikof. Mai sayarwa da ya ƙi bayarwa ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma matsala ta tsakiya: jita ta gaske da aka sauya mata fikof ko wuya, ko Gibson da kanta ya taɓa karyewa aka manna. Karayar kai sananniya ce a Les Paul saboda yadda aka karkata shi baya. Gyara mai kyau ba ya hana kiɗa, amma yana rage farashi ƙwarai, kuma haƙƙin mai saye ne a faɗa masa.

Idan jitar za ta zauna a nan

Jitar lantarki ba baƙuwa ba ce a Sahel. Agadez ta ba duniya Bombino, kuma Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yau da Stratocaster ta bahago yake zagaya duniya. Bahagon da ke son bin sawunsa ya sani cewa sake-ƙira ta hannun hagu kaɗan ake yi, zaɓin launi da shekara ma kaɗan ne.

Kamfanonin jita suna ba da shawarar danshin iska kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu iskar arewa kan bushe ƙasa da haka nesa. Allon yatsu yakan tsuke, bakin ƙarafa ya fito yana yankan hannu, wuya ya sauya miƙewa, naitiro ya tsage. Maganin shi ne ajiye jita a akwatinta a rufe da ɗan soso mai laima a cikin gwangwani mai huji, da nisantar da ita daga but ɗin mota da rana. Wanda zai riƙa yawon biki da ita a kan babur ya fi dacewa da fenti mai tauri da sandar wuya mai bakin sama, ko da kuwa hakan ya saɓa wa 1957.

Fikof mai nannaɗi ɗaya yana kwaso gurnani daga janareta da wayoyin da ba a haɗa su da ƙasa ba, kuma sake-ƙira mai bin asali sau da yawa ba ta da kariyar da ke rage shi; mai gyara zai iya shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin wayoyi. Ita jitar ba a jona ta da wutar gida, amma amfilifaya ana jonawa. Wanda aka ƙera don kasuwar Amurka wuta 120 yake ɗauka, alhali ta Najeriya da Nijar tsakanin 220 da 230 take. Duk wanda ya yi odar jita da tsohon samfurin amfilifaya tare daga can, sai ya haɗa da taransifoma mai rage wuta, ya kuma sa kuɗin jigila da na kwastan a lissafi tun kafin ya tura ko sisi.